Takarda Mai Shuɗin Baya

Shekara biyu da wata huɗu na yi a gaban babban injin Alhaji Sodangi, a shagonsa na buga hotuna da ke Dutsin-Ma. Ni na karanta littafin injin daga bango zuwa bango, don duk shagon babu mai difloma sai ni. Faɗin injin ya kusa tsawon mutum. Tawadarsa lateks ce, mai ruwa-ruwa, sai ya gasa ta da zafi take kamawa. Shi ya sa ba kowace takarda yake karɓa ba. Wata da ta ji zafin sai ta kumbura ta tattare, ta riƙa gogar bakin da ke fesa tawada, kuma bakin nan shi ne ran injin.

Wata Laraba cikin damina Malam Almu ya zo daga Kurfi. Dattijo ne mai Islamiyya. Ɗalibansa arba'in da ɗaya sun sauke, yana so a buga sunayensu da boko da ajami a babbar takarda, a manna a bangon makaranta kafin walimar Lahadi.

Na ce, "Malam, bangon na ƙasa ne ko na siminti?"

"Na ƙasa ne, 'yata, amma an yi mai shafe."

"Da me za ku manna?"

Ya yi dariya. "Da mi kuwa? Koko za a dama mai kauri, kamar yadda muka saba."

Nan na san takardar da ta dace. Muna da naɗi ɗaya na wata mai shuɗin baya. Ba ta ƙyalli, amma tana jure zafin injin, bayanta kuma yana shan koko. Alhaji kuwa ya sayo naɗi shida na mai sheƙi a Kano, suna jingine a sito ba wanda ya taɓa su.

Da Malam ya fita Alhaji ya ce, "A mai sheƙi za ki buga. Mutanenmu ƙyalli suke so."

"Alhaji, bayanta kamar leda yake. Koko ba zai riƙe ta ba."

"Ke kin taɓa dama kokon ma?"

Mutawakkil, ɗan ƙanwarsa, ya tuntsire da dariya. Gardi ne mai gemu, wata uku ke nan da ya bar acaba ya zo yana zagaya injin kamar mai neman aure. Ya ce, "Kawu, ƙyale Furofesa. Ita da injin mafarki ɗaya suke yi."

Na yanko taƙi ɗaya na mai sheƙin na buga a gabansu. Ta fito a yamutse kamar rigar da aka kwana da ita. Alhaji ya ce in rage zafi. Na rage, ta fito a jiƙe, ya taɓa, tawada ta ɓata masa ɗan yatsa. Ya goge a hankici ya daɗe yana kallona.

"Murja, na gaji da gardamarki. Ki nemo yadda za ta yi. In kika sake yin gaban kanki, kin bar injin nan. Ga injin fotokwafi can bakin ƙofa."

Washegari ya tafi Katsina. Na wuni ina gwadawa, don kada a ce ban gwada ba. Zafi kaɗan, zafi da yawa, tafiya a hankali, tawada rabi. Bayana ya ƙage, idanuna suka yi ja. Sau biyu na ji takardar ta gogi bakin tawadar. Bayan la'asar na sauke ta, na ɗora mai shuɗin baya. Ta fito lafiya lau, kowane wasali a inda yake.

Da Malam Almu ya zo ɗauka ya shafa ta ya ce, "Af, ba ta walƙiya."

"Ba ta yi, Malam. Amma zan bi ka Kurfi in manna ta da kaina."

Ranar Asabar na shiga mota. Matan gidansa sun dama koko a babbar roba. Na shimfiɗa takardar a tabarma, muka shafe bayanta, na ninke ta na ce a bar ta ta sha. Matarsa Hajiya Ikilima ta ce, "Yau ga ikon Allah, takarda ma sai ta tsima kamar tsamiya." Da muka ɗora a bango muka bi ta da tsumma, sai ta kwanta luf. Wata mata da ta zo tun daga Barkiya ta ja mayafina ta ce in nuna mata sunan ɗiyarta. Na nuna, na goma sha bakwai. Ta tsaya a gabansa har muka wanke robar muka gama.

Ranar Litinin na tarar an mayar da kujerata bakin ƙofa. Mutawakkil yana tsaye a gaban injin, hannu a ƙugu.

Alhaji ya ce, "Malam Almu ya kira ni, ya sa albarka. Aiki ya yi kyau. Amma ba shi na ce ki yi ba."

Na ce, "To."

Ban yi kuka ba, ban kuma kai maganar gida ba. Na zauna ina kwafar katin ɗan ƙasa da takardun ɗaliban jami'a, gaba da baya, tun safe har magariba. Masu zuwa suna ce mini "yarinyar fotokwafi". Abin da ya fi gajiyar da ni shi ne kunnena. Na san kowane sautin injin nan. Ina zaune ina jin ƙarar gogar nan, ƙir, ƙir, sau biyar, sau goma a wuni, kuma ba damar in juya.

A kwana na goma sha biyu Mutawakkil ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ya rage murya.

"Malama Murja, layi-layi yake fitarwa, fari a tsakiyar fuskar mutane. Don Allah zafin nawa kike sa wa?"

"Yau ba Furofesa?"

"Haba, wasa ne."

"Ba zafi ba ne, takarda ce. Kawunka ya sani. Shi ya tashe ni a gaban mutane, shi zai kira ni a gabansu."

Ya tafi ya shiga ofis. Can Alhaji ya fito ya tsaya, yana kallon titi, ba ni ba. Mutum uku suna layi a gabana.

"Murja, je ki duba masa."

"Alhaji, dubawa zan yi in dawo nan, ko komawa zan yi?"

Ya gyara hularsa. Sannan ya ciro waya ya ce bari ya kira injiniya daga Kano, ya koma ciki. Na san injiniyan zai yi mako bai zo ba, in ya zo kuma abin da na faɗa zai faɗa. Ƙafafuna har ƙaiƙayi suke yi in tashi in cire takardar nan kafin ta ƙarasa bakin tawadar. Na danne su a ƙarƙashin tebur.

Na karɓi katin matar da ke gabana na ce, "Hajiya, kwafi nawa?"