Umma a Kujerar Gabana

Umma ba ta barin abu rabi. Duk wanda ya yi ko yini ɗaya a gidanmu ya san haka. In ta fara kankare tukunya, ko ihu ake yi a waje sai gindin tukunyar ya yi ƙyalli kafin ta leƙa. Akwai ranar da zare ya sarƙe mata a keken ɗinki, Baba ya miƙo almakashi, ta yi masa wani kallo har ya mayar da abinsa aljihu, ta zauna tana warwara har rana ta karkata. A gida yabo wannan hali yake jawo mata. A asibitin da take share ɗakin haihuwa tana taimaka wa ungozomomi ma yabo ne, don ba a taɓa samun ƙura a ƙarƙashin gadon da ta share ba. A ɗakin jarrabawa ne kawai ya zame mata masifa.

Tana ajin ƙarshe na sakandare ta bar makaranta don jinyar mahaifiyarta, daga nan aure ya zo, muka zo, rayuwa ta yi gaba da ita. Bara ta ce ta gaji da miƙa wa wasu auduga da almakashi, ita ma ungozoma take so ta zama. Ta zauna jarrabawar gama sakandare, ta ci komai, lissafi ya kayar da ita. Makarantar ungozoma kuwa ba ta ɗaukar wanda bai ci lissafi ba, kuma tana da iyakar shekaru. Umma tana daidai bakin iyakar. In ta sake faɗuwa bana, ita da ungozomanci sai dai kallo.

Bana kuma ni ma nake gamawa. Makarantarmu tana karɓar 'yan waje su yi rajista, don haka rana ɗaya muka je, ita a gaba ni a baya. Da lambobin zama suka fito, tata ce daf da tawa. Gaskiya ban ji daɗi ba ko kaɗan. Wace yarinya ce za ta so ta zana jarrabawa tana kallon ƙeyar uwarta? 'Yan ajinmu kuwa suka samu abin yi, kullum sai an tambaye ni ko goya ni za a yi a shiga da ni.

Malamin lissafinmu muna kiransa Malam Agogo, don ba ya gama jimla bai duba tsintsiyar hannunsa ba. Shi ya ce in kawo Umma ya gwada mu da takardar wata shekara da ta wuce. Muka zauna a aji bayan an tashi, muka yi, ya karɓa ya duba, ya daɗe yana sosa gemu.

"Hajiya, kin fa san lissafi," in ji shi. "Biyun farkon nan ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ina sauran?"

"Ta ukun ce ta ƙi fita, Malam."

"Bara ma haka aka yi?"

"Bara ta huɗu ce."

"To ai sai ki tsallake ta, ki dawo mata in lokaci ya rage."

Umma ta dube shi kamar ya ce ta ajiye jariri a bakin titi. "In tsallake? Tambaya ta ga bayana?"

Na fashe da dariya, kuma na yi ta da wuri, don Malam ya juyo kaina da tawa takardar. "Ke kuma uwar gaggawa, an ce a zaɓi biyar a amsa, kin amsa duka takwas, kowacce rabi. Lambarki ma ba ki rubuta ba, wa za a ba makin? Da za a haɗa ku biyun a dama, da an samu ɗaliba ɗaya ta kirki."

Sai Umma ta karɓi dariyar, ta yi ta har da share hawaye.

Baba mai gyaran wutar lantarki ne, kuma mutum ne da ba a ba shi labarin matsala bai nemo mata waya da makunni ba. Washegari ya dawo daga aiki da wata tsohuwar ƙararrawar ƙofa da ya cire a gidan wani, ya ɗaure ta a ƙafar teburin cin abinci, ya jawo makunnin har kujerarsa. Ya ce daga yau shi ne mai sa ido. Kowace tambaya da lokacinta, in ya cika zai danna, ko an gama ko ba a gama ba a wuce.

Ƙararrawar nan ba ta da daɗin ji. Kuka take yi irin na agwagwar da aka taka. Duk yamma in Umma ta dawo daga asibiti ta wanke hannu, sai mu baje takardu, Baba ya harɗe ƙafa da kofin shayinsa, ɗan yatsa a kan makunni, fuskarsa cike da annuri.

"Shekara da shekaru ba a bari in gama magana a gidan nan," in ji shi. "Yau ga ni da ƙararrawa."

"Ka ji daɗinka," in ji Umma. "Jarrabawa dai ƙarewa take yi."

Ranar farko da ya danna tana tsakiyar wani lissafi, ko kai ba ta ɗaga ba. Ya sake dannawa. A na uku ta sunkuya ta tsinke wayar, ta ci gaba da aikinta. Baba ya haɗa, ya naɗe da salatif. Da ta ga ba za ta yi nasara a kan mai gyaran wuta ba, sai ta koma wayo: in ƙararrawa ta yi kuka ta juya shafi kamar mutuniyar kirki, amma ta bar ɗan yatsa ɗaya a tsohon shafin, da Baba ya kai kofi baki ta koma. Ni na kama ta. Na ɗauko abin maƙale shanya daga igiya na maƙe shafukan da ta wuce, ta bi ni da harara har na koma kujerata.

Ni ma ban tsira ba. Umma ta ce tun da kowa ya zama malaminta, ita ma tana da ɗaliba. Kafin a fara sai ta ƙwace birona ta danne da gwiwar hannu. "Karanta umarnin da ƙarfi." In karanta. "Nawa aka ce a amsa?" In faɗa. "Ina lambarki?" Sai na nuna mata gurbin kafin ta saki biron. Haushi kamar ya kashe ni, don ni a ganina duk wannan ɓata lokaci ne, amma a hankali na lura na daina amsa abin da ba a tambaye ni ba.

A hankali ita ma ta fara wucewa. Ba da son ranta ba. Takan ja tsaki, ta yi wa tambayar alama da fensir, ta ce mata, "Ki jira ni, ina dawowa," sannan ta juya. Maki ya fara hawa. Sai dai ni na san Umma. A gida akwai Baba da ƙararrawarsa, akwai ni da abin shanya. A ɗakin jarrabawa daga ita sai halinta.

Ranar lissafi tun da safe ta zazzage jakata ta duba: biro da na ko-ta-kwana, fensir a fiƙe, magogi, katin shaida. Baba ya raka mu har ƙofar makaranta, yana cewa da an yarda da ya shigo da kayan aikinsa. A bakin ɗakin, matar da aka turo sa ido ta tare Umma da fara'a.

"Hajiya, iyaye a waje suke jira."

Umma ta zaro katinta ta miƙa. Matar ta duba hoton, ta dubi Umma, ta ce, "Ikon Allah. Yi haƙuri, Hajiya, shiga." Da ta karɓi nawa ta ga kamar da ke tsakaninmu, sai fara'ar ta ragu. "'Yarta ce ke? To ki ji da kyau. Ko tari kika yi, magana zan ɗauke shi, in fitar da ku ku biyu."

Muka zauna, Umma a gabana, kusa da taga. Aka raba takardu. Na karanta umarni sau biyu, na rubuta lambata, har ina jin nauyin gwiwar hannun nan a kan birona. Tambayoyin farko suka zo da sauƙi. Sai ga wata a ƙasan shafi, an zana tankin ruwa, famfo yana zuba ta sama, rami yana zubarwa ta ƙasa, wai a faɗi yaushe zai cika. Na gwada, ta ƙi. Na yi mata alama na wuce, na amsa ta gaba, na shiga ta gaba da ita.

Sai na ɗaga kai.

Na san bayan nan. Kafaɗar dama ta ɗaga, kai ya karkata, wuya ya sandare. Ta gefen hannunta ina hango zanen tankin. Ko'ina a ɗakin ƙarar juya takarda kake ji, ita kuwa tana nan inda take, tana rubutawa tana gogewa. Na dubi agogon bango, na ce bari in ba ta ɗan lokaci. Na sake duba, allurar ta yi tafiya mai nisa.

Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni. Ji nake kamar in miƙa hannu in juya mata shafin da ƙarfi. Ga ta nan, in na miƙe ƙafa zan taɓa kujerarta, amma ko gyaran murya ba ni da ikon yi, ga mai sa ido tana zagaye da takalminta mai ƙwas-ƙwas. Na tuna yadda take dawowa daga asibiti ƙafafu a kumbure ta zauna kan teburin nan. Na tuna cewa babu wata shekarar bayan wannan. A raina nake ta cewa, Umma ki wuce, don Allah ki wuce. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba, ban kuma lura birona ya tsaya ba.

Can ta ɗaga kai ta dubi wajen taga. Ta ɗan jima a haka. Sai ta kama shafin ta juya shi da ƙarfin da ya sa mai sa ido ta waiwayo.

Na saki numfashi, na duƙa. Ban taɓa rubutu da sauri irin na ranar ba, kuma wannan karon saurin yana da dalili. Ana cewa a ajiye biro ina ja layin ƙarshe.

Bari in faɗa tun yanzu don kada hankalin kowa ya tashi: da sakamako ya fito, ta ci, ni ma na ci. Ba wani ci na a zo a gani ba ne nata, amma ya kai abin da makarantar ungozoma take nema, kuma yanzu haka farar rigarta tana rataye a bayan ƙofa, ba mai taɓawa. Amma a ranar ba wanda ya san haka a cikinmu.

Muka fito, 'yan ajinmu sun taru a ƙarƙashin bishiya ana musun amsoshi, kowa da abin da ya samu a tankin. Ina shirin shiga cikinsu sai na ji an kama kunnena. A gaban kowa Umma ta ja ni gefe, bayan ajin, ni da nake gama sakandare.

"Me kike kallo?"

"Umma, kunnena!"

"Na ce me kike kallo? Jarrabawa aka kawo ki ko gadina?"

"Ya aka yi kika sani? Ai ba ki waiwayo ba."

"Gilashin taga," in ji ta. "Na ɗaga kai in huta da idona, sai ga ki a ciki. Biro a hannu, baki a sake, kin zuba mini ido ba kya rubuta komai."

Ta saki kunnen. Sai ta sassauta murya.

"Wallahi saura kaɗan tambayar tankin ta fita, 'yar nan. Saura kaɗan. Na ce a raina, in ni kaɗai ce zan faɗi, na taɓa faɗuwa, na san yadda ake tashi. Amma na ga in na ƙara zama a kan tankin nan, mu biyu za mu faɗi."

Ta sa tafin hannu tana murza mini kunnen da ta ja, a hankali, kamar yadda take yi mini ina ƙarama in na faɗi a tsakar gida.

"Kin dai gama?" ta ce.

"Na gama, Umma."

"To," in ji ta, ta juya fuska tana gyara mayafi don kada in ga idonta. "Ni dama abin da nake so in ji ke nan."