Hankicin Ticha Mikaila

Baba Sidiku, Sarkin Pawan kasuwar Yendi, ya naɗe tsokar cinya a takardar siminti ya miƙa wa Zuwera, sannan ya zaro tsumma daga kafaɗarsa ya shiga goge hannu. A hankali yake gogewa, yatsa bayan yatsa, yana yamutsa fuska kamar wanda ya taɓa kashin kaji. Na kusa da shi ma ya ɗauki nasa tsumman. Kafin Zuwera ta sa naman a kwano, mahauta goma sha ɗaya duk suna goge hannu, kuma ba wanda ya ɗaga kai ya kalle ta.

"Baba, ni kuma me na yi?"

"Ke? Ba ki yi komai ba, 'yata. Tsabta muke koyo. An aiko mana malami daga Kumasi."

Sai rumfar ta kece da dariya.

Zuwera ta san zancen, domin tun jiya da la'asar ba wani zance a Zango sai shi. Ƙanenta, Ticha Mikaila, shi ne ya ajiye alli a Kumasi ya dawo gida neman kujerar majalisa, saura sati uku a yi zaɓe. Jiya ya shigo rumfar mahauta da makaɗa da 'yan rakiya. Da Baba Sidiku ya miƙo masa hannu, sai ya ɗan taɓa kan yatsunsa, ya janye da sauri, ya zaro farin hankici ya goge tafinsa a gaban kowa. Da wani baƙo ne ya yi haka, da an yi tsaki an wuce. Amma Mikaila ɗan Mutaru ne, kuma a kan wannan teburin Mutaru ya sari nama har ya koma ga Allah. Baba Sidiku ma a hannun Mutaru ya koyi fawa.

"Ki gaya masa," in ji tsohon, yanzu ba wasa a muryarsa, "ƙuri'a ya kai ta inda ya ga dama ya nemo. Amma daga yau kada ya ƙara cewa shi ɗan rumfar nan ne. Mun yafe shi."

Wannan kalmar ce ta soki Zuwera. Kujera ba ta dame ta ba, ita da ko Tamale ba ta son zuwa. Amma a ce mutanen ubansu sun yafe Mikaila? Tana da shekara goma sha huɗu ubansu ya rasu, yaron kuwa yana da uku. Bayan shekara biyu uwarsu ta bi. Da tukunyar wake da shinkafa ta raine shi, ta sa shi makaranta, kuma kullum abin da take gaya masa shi ne, in duniya ta ƙi shi, yana da iyaye a rumfar mahauta.

Abin haushin kuma, ta san ba ƙyama ba ce. Tun yana yaro tafin hannunsa ke zubar da gumi, ko da sanyi ko da zafi, in ya tsorata kuwa har ɗiga yake. Littattafansa na makaranta duk a kumbure suke. Ranar jarrabawa takan ƙulla masa toka a leda ya riƙa murzawa. Ya girma, ya yi gemu, ya koyar da 'ya'yan manya, amma kunyar abin ba ta bar shi ba.

Ta koma rumfarta ta abinci, ta bar wa maƙwabciyarta Damata tukunya da naman, ta gyara mayafi, ta nufi gidan da su Mikaila suka kama suna kamfen.

Tun daga ƙofa ta jiyo muryar Zuberu, mai shirya masa tarurruka. Zuberu tsohon kwandastan mota ne, ya yi shekara shida a hanyar Bawku, kuma ya yi imani da cewa abin da ke cika mota da fasinja shi ke cika akwati da ƙuri'a. Ya tsayar da Mikaila a gaban madubin wadrob yana ba shi darasi.

"Hannu sama, Ticha! Sama sosai! In ka ce ruwa, ka buɗe hannu biyu. In ka ce asibiti, ka bugi ƙirji. Ba haka ba, wannan tari kake yi. Ka ga Alhaji Imoro? Shi in ya juya rigarsa ta batakari sau ɗaya, mata ɗari sun tafi!"

Alhaji Imoro shi ne mai riƙe da kujerar, kuma gaskiya Allah ya ba shi jiki na siyasa. In ya hau bayan mota sai ya ware hannuwa kamar zai rungume kasuwar gaba ɗaya. Yakan ɗaga jariran mutane sama, yakan durƙusa wa tsofaffi har rigarsa ta share ƙasa. Zuwera ta lura cewa in ya riƙe hannun mutum, idonsa na bayan kafaɗar mutumin yana neman wanda ya fi shi girma, amma wannan ba kowa ke gani ba. Mikaila kuwa in ya ɗaga hannu, sai ka ce ɗalibi mai neman izinin fita.

"Mma Zuwera, ka zo daidai," in ji Zuberu, wanda Hausarsa ta tasha ce, mace da namiji duk ɗaya. "Gaya ma ƙaninka ya saki jiki. Yau muna da rali a hanyar Saboba."

"Ba rali za shi ba. Kasuwa za shi."

Mikaila ya sauke hannu. Ya rame a watan nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. "Yaya, kin ji ke nan."

"Na ji? Gani na yi. Mahauta goma sha ɗaya suna kwaikwayonka da tsumma. Baba Sidiku ya ce sun yafe ka."

Ya zauna a bakin gado. Hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya fito da hankicin, ya shiga murzawa.

"Wallahi ban san na yi ba. Na goge kafin in shiga. Da na ga Baba sai abin ya ɓalle, na ji kunyar in jiƙa masa hannu, shi ya sa na janye."

"To ka je ka gaya masa haka."

"A'a, a'a, a'a!" Zuberu ya shiga tsakani yana kaɗa yatsa. "Mma, ka san siyasa? Mutane ya ce wanda hannunsa ya jiƙe, matsoraci ne, ko kuma ƙarya yake yi. In yaran Imoro ya ji wannan, gobe ya zama waƙa. Daga nan har Karaga za a rera. Gara a ce Ticha yana da girman kai. Mai girman kai yana cin zaɓe. Matsoraci, ko matarsa ba ya zaɓe shi."

Abin takaici, ba ƙarya ya yi ba. Zuwera ta san garinta. Mutanen Yendi ba su cika sauraron abin da ɗan takara ke faɗa ba, tunda duk rijiya da titi suke alkawari. Jikinsa suke karantawa. Wane hannu ya miƙa, ya tuɓe takalmi ko bai tuɓe ba, da ya durƙusa gwiwarsa ta taɓa ƙasa ko tsugunon ƙarya ya yi. Tsohuwar da ba ta san bihim ba za ta gaya maka wanda ya haɗiye miyau kafin ya rantse.

Ta zauna kusa da ƙanenta. "Mikaila, tsoro kake ji?"

"Kullum, Yaya. Duk ran da na hau motar nan, na ga idanu, sai in ji kamar ranar jarrabawa."

"To ai gaskiya za su rera."

"Mma!" in ji Zuberu.

"Kai yi mini shiru, ba fasinja nake ba." Ta juya ga Mikaila. "Ni ban san kujera ba. In ka faɗi, allonka na nan, ka koma. Amma ranar da za a ɗauke ni, su wa za su tsaya maka a ƙofar gida? 'Yan rali?"

Ta miƙa hannu. Ya dubi hankicin, ya dube ta, sannan ya ajiye mata shi a tafi. A jiƙe yake sharkaf. Ta cusa shi a ƙugu.

Ba mota, ba makaɗa, da ƙafa suka tafi. Rana ta take, kasuwa ta cika. Zuberu na biye da su yana surutu shi kaɗai yana kirga asarar ƙuri'u. Masu doya suka bar ciniki suka bi su da ido, masu barkono suka taɓa juna. Kafin su kai rumfar mahauta, jama'a ta taru a bayansu, wadda ta fi ta wani ralin ma. Zuwera ta saci kallon hannun ƙanenta, ta ga ruwa na bin yatsunsa yana ɗiga a ƙasa. Tausayi ya kama ta har ta kusa mayar masa da hankicin.

Saran nama ya tsaya. Wani daga cikin mahautan ya ɗaga tsummansa yana kaɗawa, aka yi 'yar dariya. Mikaila ya tuɓe takalmi a bakin rumfar, ya taka cikin jini da ruwan wanki da safarsa, ya durƙusa a gaban teburin.

"Baba, ina wuni."

Baba Sidiku ya ci gaba da wasa wuƙa. "Lafiya. Sai dai ba mu da sabulu a nan, Ticha."

"Na zo ne in ba ka hannu."

"Ka ba ni jiya."

"Jiya ban ba ka ba, Baba. Ɓoye shi na yi." Ya ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Hannuna gumi yake yi tun ina yaro. In na ji tsoro ya fi yi. Jiya da na tsaya gabanka tsoro na ji, yau ma shi nake ji. Ga shi nan, yadda yake."

Zuberu ya dafe kai da hannu biyu. Daga can baya wani saurayi mai rigar Alhaji Imoro ya yi ihu, "Ticha ya jiƙe!" Dariya ta tashi, har wata ta fara tafi tana neman karin waƙa. Zuwera ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ta kawo shi, ita ta tsiraita shi a tsakiyar kasuwa.

Hannun na nan a miƙe, yana ƙyalli. Baba Sidiku ya dube shi ya daɗe. Kamar don ya kawar da abin, ya ajiye wuƙa ya kama.

Bai saki ba. Ya ƙara matsewa, ya juya tafin sama, ya sa babban yatsa ya shafa tsakiyarsa. Fuskarsa ta canja, leɓensa ya ɗan motsa.

"La ilaha illallahu," ya ce a hankali. "Hannun Mutaru."

Ya ɗago ya daka wa masu dariya tsawa, rumfar ta yi tsit.

"Abdulai, zo nan. Kai ma ka san maigida. Taɓa ka ji."

Wani tsoho mai ido ɗaya ya zagayo, ya kama ɗaya hannun, sai ya fashe da dariya hawaye na zubo masa. "Shi ne wallahi! Har sanyin!"

"Ubanka," in ji Baba Sidiku, "duk wuƙarsa sai an naɗe mata ƙota da fata, in ba haka ba ta suɓuce. Ni nake naɗe masa. Shekara tara ina wannan aiki. In ya ba ka hannu da safe, sai ka shanya naka." Ya juya wajen saurayin nan na baya. "Kai mai ihu, ubanka nawa yake a lokacin? Da wannan jiƙaƙƙen hannun Mutaru ya kama ƙahon bijimin da ya ɓalle ranar jajiberin Salla, mu duka muna kan katanga. Daga baya na ce masa, maigida, ba ka ji tsoro ba? Ya ce, Sidiku, dubi hannuna mana."

Ya ɗaga Mikaila tsaye. Sai a lokacin ya saki, kuma ba tare da ya sani ba ya goge tafinsa a gaban riga. Rumfar ta sake kecewa, har da shi kansa, har da Mikaila.

"Zancen ƙuri'a kuwa ban yi maka alkawari ba," in ji tsohon. "Gobe bayan azahar ka zo ka zauna a bencin nan, ba a kan mota ba, ka gaya mana yadda za ka yi da ruwan mayanka. In ka yi ƙarya zan gane. Yanzu bi layi ka gai da iyayenka."

Mikaila ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya riƙe hannun sai ya jinjina, wasu su yi masa tsiya, wasu su yi wa Mutaru addu'a. Zuberu, da ya ga yadda iska ta juya, tuni ya kutsa gaba yana gaya wa mutane cewa shi ya ba da shawarar.

Da suka fito, Mikaila ya tsaya sa takalmi a kan jiƙaƙƙiyar safa. Bai ɗago ba ya ce, "Yaya, kin san Babanmu ma haka yake?"

"Ban sani ba."

Ina za ta sani? Uba ba ya musafaha da 'yarsa. Abin da take tunawa na hannunsa bai wuce ƙanshin kitse da nauyinsa a kan ɗankwalinta ba. Shekara talatin da wani abu tana ɗauka yaron nan wata lalura ce Allah ya ɗora masa shi kaɗai, tana ƙulla masa toka.

"Kawo in ji," ta ce.

Ya miƙo mata, da jini da kitse na hannun mutum goma sha ɗaya a jikinsa. Ta riƙe da hannu biyu a tsakiyar hanya, masu kaya na ratse su. Daga can rumfarta Damata na ƙwala mata kira cewa shinkafa ta fara kamu.

"Bar ta ta kama," in ji Zuwera.