Jitar Bahaguwa

Aibin Tela ɗaya ne, shi ma kuma ya san da zamansa: da zarar ya yanke shawara, sai kunnuwansa su tafi hutu. Za ka ga yana gyaɗa maka kai, har da "haka ne, haka ne", alhali maganarka tuni ta fita ta taga.

Bahago ne. Tun yana koyon ɗinki yake yanka yadi da almakashin masu hannun dama, har gindin babban yatsansa ya yi kanta mai tauri kamar dunduniyar takalmi. Idan mai kaya ya zo yana faɗan an ɓata masa lokaci, Tela kan ɗaga yatsan ya nuna masa, kamar tsohon soja yana nuna tabon harsashi. "Da aka tashi ƙera kayan duniyar nan, ba a yi shawara da mu ba," in ji shi. Mai kaya ba ya samun rigarsa, amma yakan tafi da labari.

Auta ce ta gado shi. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, shekararta goma sha biyar, da hagu take rubutu, da hagu take jifa, da hagu take kaɗa jita. Jitar ta kawunta ce, ƙanen uwarta, wanda ya taɓa rantsewa sai ya zama mawaƙi, ya ƙare a sayar da tayoyi. Ya jingine ta a bayan ƙofa ya manta. Auta ta ɗauka, ta ga ba ta zauna mata a hannu ba, sai kawai ta kifa ta, wuyan ya koma ɗaya ɓangaren. Ba wanda ya koya mata, ba kuma wanda ya hana ta. A ɗakin bayan shago take kaɗawa, tsakanin bandir-bandir na yadi, keken ɗinkin ubanta yana ba ta amshi.

Jitar kuwa ta ga duniya. Ta lantarki ce, kana jona ta da lasifika za ta kama gurnani kamar tsohon firji. Wayarta da salatif aka ɗaure. Kuma da yake a kife take, ɗan abin da ake murɗawa a ƙara sauti ya dawo daidai ƙarƙashin hannun Auta. Tana cikin kiɗa mai daɗi sai hannunta ya goge shi, sauti ya mutu, ka ji ta ja tsaki ta koma farko.

Ana haka malamin kiɗa na zauren matasa ya sanar zai kafa ƙungiya. Ranar Asabar za a gwada masu jita, mutum ɗaya za a ɗauka. Auta ta daina hira, ta kusa daina cin abinci.

Wani mai kaya ne ya tayar da maganar. Yana zaune yana jiran wandonsa, ya ji sauti ya mutu a ɗakin baya, ya ji tsaki, ya ce, "Maigida, me ya hana ka saya mata irin ta bahagwai?"

Tela ya ɗauke ƙafa daga keke. "Irin ta wa?"

"Ta bahagwai. Ana yi mana."

Tela ya kalli kantar yatsansa ya daɗe. Ashe a wani wuri akwai wanda ya tuna da su. Nan take kunnuwansa suka fara haɗa kayan tafiya.

Da matarsa ta kawo abincin rana ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya sha, 'yarsa ba za ta sha ba. Ranar Asabar da jitar da aka yi don hannunta za ta shiga zauren nan.

"To ka tambaye ta dai," in ji ta.

"In na tambaye ta ai ba kyauta ba ce kuma, aike ne."

"Baban Auta, ka tuna lokacin da ka..."

"Ban tuna ba."

"Ai ban faɗi komai ba tukuna."

"Shi ɗin ne ban tuna ba."

Ta ɗan kalli durowar ƙasa ta teburin yanka, ta kalle shi, ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Ranar Juma'a da safe, Auta na fita makaranta, ya naɗe tsohuwar jitar a wani ragowar labule ya saɓa a kafaɗa. Shagon kayan kiɗa yana tsakanin mai faci da mai gyaran waya, ƙofarsa ƙunci, cikinsa dogo. Mai shagon siririn mutum ne, tabaransa da zare aka ɗaure hannu ɗaya. A bango jitoci ne jere, duk sun karkata gefe guda kamar masu sauraren jawabi.

"Duk waɗannan na masu dama ne?" in ji Tela.

"Dukansu."

"Kun gani ko," Tela ya ce, ba da kowa yake ba.

Ta bahagwai guda ɗaya ce, tana can saman kabad a cikin akwatinta. Wani ne ya taɓa sa a kawo masa, bai dawo ba. Mai shago ya taka kujera ya sauko da ita, ya hure ƙura. Shuɗiya ce, tana ƙyalli kamar sabuwar mota. Tela bai san komai a kan jita ba, amma ya san yadda ake duba kaya a gaban mai kaya. Ya zaro tef daga wuya ya auna wuyanta. Ya bi gefenta da yatsa kamar mai neman zaren da ya zare. Ya ɗan ja tsirkiya ɗaya, ya karkata kai, ya gyaɗa, kamar ta faɗa masa wani abu.

"Ina mai kaɗawar?" in ji mai shago.

"Tana makaranta."

"Ka kawo ta. Kai da kake tela, kana yanka riga ba ka ga mai ita ba?"

"Yarinyar da na ɗinka wa rigarta ta farko? Ido rufe na san awonta."

"To wannan tsohuwar, yaya take riƙe ta?"

"A kife. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Tsirkiyoyin fa?"

"Shida ne. Na ƙirga."

"Ba wannan nake nufi ba. Ina tambaya ko an taɓa..."

"Haka ne, haka ne," in ji Tela, yana rufe akwatin. Ya bar tsohuwar a matsayin ciko, ya fito yana tafiya kamar wanda ya ci zaɓe.

Da la'asar Auta ta dawo, ta wuce ɗakin baya, sai aka ji ihu. Ta fito rungume da shuɗiyar, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta rataya ta. Kai ka ce a jikinta aka ƙera ta: abin murɗa sautin ya koma can ƙasa inda hannu ba ya kai masa, wayar ma ta bi hanyarta. Tela ya harɗe hannuwa ya kalli matarsa, wadda ta tsaya a bakin ƙofa.

Auta ta jona, ta dafa yatsu, ta kaɗa.

Abin da ya fito daga lasifikar ya yi kama da an zubar da tukwane daga bene. Ta sake. Aka sake zubar da tukwanen. Ta sunkuya ta kalli tsirkiyoyin.

Tsirkiyoyin jita ba kauri ɗaya ba ne. Daga mai kauri ake jera su zuwa siririya, mai kauri a sama. Da Auta ta kifa ta kawunta, mai kauri ta koma ƙasa, kuma duk abin da yatsunta suka sani a duniya, a haka suka san shi. Yanzu an ba ta wadda komai nata yake daidai, ita kuma komai ya juye mata.

"Baba," ta ce, "ina tsohuwar?"

Tela ya sami wani zare a hannun rigarsa yana cirewa.

"Baba."

"Wannan ita ce daidai, Auta. Ita aka yi don irinmu. Za ki saba."

"Zan saba. Amma gobe ne fa."

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun sa ke nan. Ta zauna a kan bandir ɗin yadi tana lalubar tsirkiya ɗaya-ɗaya kamar mai neman makulli a jakar wani. Matarsa ta kalle shi, kuma Tela ya ji kowace kalma da ke cikin kallon nan. Kunnuwansa suka dawo daga hutu, a gajiye.

Ya kashe fanka, ya ja ƙofar shago. "Ɗauko ta mu tafi."

Mai shago na ganin su ya sauke tabarau kan hanci. "Yauwa. Ga mai rigar an kawo."

"Tsohuwar muke so," in ji Tela.

Mai shago ya nuna teburin aikinsa. Wuyan yana gefe guda, jikin yana gefe guda, ƙusoshi a cikin gwangwani. "Tun kafin ka sha kwana na yi mata fiɗa. Dama kayan cikinta nake so."

Auta ta tsaya tana kallon gawar jitar.

"Kada ki damu, 'yata," in ji mai shago. "Ga bango nan cike. Ɗauki kowacce ki kifa, shi ke nan. Da babanki ya bari na ƙarasa tambayata, da tuni an wuce wurin."

Ya sauko mata da wata ja. Ta kifa ta kaɗa, kiɗan ya fito tas, har mai faci ya leƙo. Tana tsaka da shi hannunta ya goge abin murɗawa, sauti ya mutu. Ta miƙa masa kayarsa.

"Shuɗiyar nake so," ta ce. "Jikinta ya yi min. Tsirkiyoyin kawai za a juya."

"Kawai, in ji ki. Kin ga ɗan farin ƙashin nan da ke saman wuya? Kowace tsirkiya da raminta, daidai kaurinta. Sai an cire shi an sa wani, an sake saita ƙasan gaba ɗaya. Ni kuma na kusa rufewa, idanuna ma da yamma ba nawa ba ne."

"Zan riƙe maka fitila," in ji Tela.

"Ba ka da ɗinki?"

"Ina da shi. Masu shi sun saba."

Haka aka yi. Mai shago yana goga ƙashi da 'yar zarto, Tela yana tsaye a kansa da tocila, hannu ya gaji ya canja, ya sake gajiya ya sake canjawa. "Ƙasa kaɗan. Ba fuskata ba, Maigida, jitar." Auta tana miƙa tsirkiyoyi, tana cewa wannan a sama, wannan a ƙasa. Mai faci ya tattara kayansa, mai gyaran waya ya ja ƙofarsa, su suna nan.

"Ka san abin da ka yi?" in ji mai shago yana ɗaure ta ƙarshe. "Jitar bahagwai ɗaya tak nake da ita, ka saye ta, ka kuma tsaya a kaina sai da na mai da ta baibai."

"Haskawa nake yi," in ji Tela. "Ba na magana in ina aiki."

Ranar Asabar ba a bar iyaye sun shiga zauren ba. Tela ya tsaya a ƙarƙashin taga, yana yi kamar yana duba kalmasar wandonsa. Yara suka yi ta shiga suna fita. Da aka zo kan Auta ya gane, don kiɗan da ya saba ji daga ɗakin baya ne. Ya jira sauti ya mutu a tsakiya. Bai mutu ba. Kiɗan ya wuce wurin da ya saba faɗuwa, ya ci gaba, ya shiga wani yanki da Tela bai taɓa ji ba, don tsohuwar jitar ba ta taɓa bari an kai can ba.

Sai ya ji muryar malamin. "Tsaya tukuna. Wa ya ɗaura miki tsirkiyoyin nan haka?"

"Ni na ce a yi."

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa."

Tela ya kusa yage kalmasar.

"Ni dai ba zan iya kallon yatsunki ba, jiri nake ji," in ji malamin. "Amma kunnena bai ga laifi ba. Ki zo ranar Litinin."

A hanyar komawa Tela ne ya ɗauki akwatin, ya hana ta taɓawa. Tun daga bakin zauren yake bayani. Mutum da kayan aikinsa, in ji shi. Bahago sai da kayan bahago. Shi tun farko ya hango, mutane ne dai ba sa saurare. Auta tana cewa "haka ne, haka ne", tana kaɗa yatsu a cinyarta.

Da suka isa shago ya ce zai ɗinka mata maratayi mai taushi, ta duba durowa ta ɗauko masa ragowar fata. Ta ja ta sama ba ta gani ba. Ta ja ta ƙasa. Ta ɗago da wani almakashi sabo fil a cikin ledarsa, ko tsatsa babu.

"Baba, wannan fa? Sabo ne, ga shi ka bar yatsanka yana wahala."

"Mai da shi," in ji Tela.

Na bahagwai ne. Shekarar da aka haifi Auta ya sa aka nemo masa daga nesa. Sau ɗaya ya yanka da shi, hannun da ya saba da na masu dama ya ɓata yadin mutane.