Ramin da Aka Huda a Kan Bokiti

Ƙwas. Shiru. Ƙwas.

Matar mai gyaran agogo ta ɗauka ɓera ne ya faɗa tarko, sai dai ɓera ba ya mutuwa sau goma sha biyu. Ta yafa zane ta bi ƙarar har gareji.

Ta tarar da mijin a cikin motarsa ja mai kujera biyu, wadda ba ta da rufi, shekara tara kuma ba ta leƙa titi ba. Kujerun suna wajen mai ɗinki, don haka a kan kifaffen bokitin fenti yake zaune, ya riƙe sitiyari, yana taka wani ɗan ƙarfe mai kamar murfin kwalba.

"Baban yara, ina aka nufa? In da nisa in ɗauko takalmi."

"Ki saurara dai." Ƙwas. "Makunnin dim ne. Motocin da can da ƙafa ake rage musu fitila. Taku ɗaya doguwa, taku ɗaya gajera. Shi kaɗai ya rage in ɗaura."

"Bara ma abu ɗaya ya rage."

Ta riga ta yanke hukunci. Ran Asabar motar za ta fita da ƙafarta da fitilarta, ta kai ƙarshen layi ta dawo. In ta kasa, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da amalankensa, ita kuma ta zuba kaji a garejin.

Washegari ya yi aikin yadda yake yi wa agogo. Ya hau bokitin, ya lumshe ido, ya miƙa ƙafar hagu kamar yana tuƙi a wata doguwar hanya da shi kaɗai ya sani, inda babban yatsa ya sauka ya yi alama da alli. Nan ya huda ramuka biyu, ya ɗaure noti, ya jona wayoyi uku, kowace da ƙyallen da ya ƙulla mata don kada ta ɓace masa.

"Ba ka auna da tef ba?"

"Ƙafa ba ta ƙarya."

"Haka ne. Ita ta kai ka wajen wanda ya sayar maka da motar."

Ran Asabar da yamma mai ɗinki ya kawo kujerun. Kujerar irin wannan mota kusan a ƙasa take, mutum a kishingiɗe yake tuƙi. Da tsohon ya zauna, sai ya ga daga nan ƙafarsa miƙewa take yi gaba, ba sauka ba, kuma makunnin ya faɗo daidai gefen kuloci, babu ko tsakanin yatsa biyu. Matar ta ga yadda ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Lafiya, Injiniya?"

"Ƙalau. Shigo."

Da duhu ya fara, matar ta shiga, gwiwoyinta suna ƙara. Injin ya yi tari uku ya tashi. Ya taka kuloci don sa giya: ƙwas, doguwar fitila ta daki maƙwabta da ke hira a kan benci, kowa ya kare fuska. Ya saki. Ya taka don giya ta biyu: ƙwas, gajera. Wani mai keke ya tsaya ya duba bayansa. Ƙwas, doguwa. Mai kanti ya fito da gudu, a zatonsa kiransa ake yi. Kare ya bi su yana haushi, ya rasa wace fitilar zai yi wa.

"Motarka kanne take musu," in ji matar. "Tsohuwa da ita. Ina ta koyo?"

"Gaisuwa ce."

A ƙarshen layi juyawa sai da ya yi gaba da baya sau biyar, katangar mutane tana haske tana dushewa.  Matar ta lura iska tana shiga mata kallabi ta wata hanya da ta manta akwai ta. Wannan ba ta faɗa ba.

Suka dawo ƙofar gida, motar ta mutu da kanta. Bai kalle ta ba.

"Gobe sai in sake huda wani ramin," ya ce a hankali. "In akwai goben."

Ta fito da ƙyar, tana dafa ƙofa.

"Cewa na yi ta je ta dawo da fitila. Ta je, ta dawo. Laifina ne da ban sa mutunci a cikin sharaɗin ba. Kajin sai su zauna a bayan gida, da ma sun fi ka haƙuri."

Maƙwabcinsu na dama ya taso daga benci yana murza ido.

"Sannunku da hanya, matafiya. To yanzu kullum za ku riƙa fitowa ke nan?"

Tsohon ya sunkuya yana laluben allinsa a ƙasan kujera. Matar ta shige gida.