Aikin Zaune da Aka Ba Bube

Da tarin fuka ya saki Bube, ya bar shi kamar karan dawa. Mutumin da ya saba fita fadama kafin kowa, sai ga shi a zaure yana amsa gaisuwar masu wucewa. Ƙanensa Sirajo ne ya riƙe gonar albasa da ciyar da gida biyu, kuma a gaskiya ya gaji. Bai taɓa furtawa ba, amma duk garinsu Kagara an ga gajiyar a fuskarsa.

Da aka cire albasa aka jera ta a rudu, rumfar karan da ake ajiye ta har ta yi daraja, sai ruwan bazata ya jiƙa gefe guda. Ta fara ruɓa, baƙar fumfuna ta bi ta. Sirajo ya shiga ya motsa ta, ƙurar ta shaƙe shi, ya wuni yana atishawa. Ya rantse a ransa ba zai koma ba. Washegari ya sami yayansa da fara'a.

"Yaya, na samo maka aikin zaune. Babu rana, babu ɗaukar kaya. Ka riƙa hidda ruɓaɓɓu kana aje masu kyau."

Bube ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya kwashe makonni a rumfar, yana fitowa da gemu baƙi ƙirin yana dariya.

Kafin damina ta yi nisa tari ya dawo, wannan karon da jini. A asibitin Goronyo aka gwada kakinsa, ba a ga fuka ba. Aka yi ta allurai, zazzaɓi ya ɗan sauka, jini kuwa ya ƙi tsayawa. Sai aka tura shi Sakkwato, Sirajo ya raka shi.

Can aka ɗebi jini, aka sake ɗaukar hoton ƙirji. Likitar da ke duba shi, wata Adawiyya 'yar Wurno, ba ta da kwana-kwana a magana. Ta kira Sirajo gefe, ta ɗora yatsa a kan hoton.

"Hukar da yay yi ta bar mashi kogo ga huhu. Hunhuna ta shiga ta yi gida ciki, ga ta nan dunƙule. Shi ya sa alluran da anka yi mashi ba su ci ta ba, maganinta daban na. Mi shika yi tun da yaw warke? Shina shiga wurin ruɓaɓɓen hatsi ko ciyawa?"

Sirajo ya ce, "Albasa shika tsinta cikin rudu."

Ta dube shi, ta sassauta murya. "Abin ga na ko'ina, ba ni iya cewa lalle can yas samo ta. Amma mai irin huhun ga bai kamata shi kusanci wurin ba."

Ta ba shi ƙofar fita ke nan, kuma wani da gudu zai bi ta. Sirajo ya kasa. Gaskiya ne bai san zancen kogo ba, shi ba likita ba ne. Amma ya san hancinsa mai lafiya ya ƙi wurin nan, ya kuma san dalilin da ya sa ya kira shi aikin zaune.

Aka fara sabon magani, aka ce sai an sha shi wata da watanni. Zazzaɓi ya tafi, har Bube ya fara tsokanar masu jinya. Sai ranar wata Talata jini ya ɓalle fiye da kullum. Likitoci suka ce babu makawa sai an yi aiki an cire wurin, kuma ba su ɓoye cewa jikin ya yi rauni ba.

Mutanenmu ba sa shiga ɗakin tiyata sai sun nemi gafara. Sirajo ya shirya maganarsa tsaf, ya maimaita ta a bakin famfo yana alwala. Ya zo ya durƙusa gaban gadon, ya buɗe baki. Bube ya riga shi kama hannu.

"Sirajo, tsaya in hwaɗa tun ina iyawa." Numfashinsa na fita da ƙyar ta robar da ke hancinsa. "Na zame maka kaya. Kai kaɗai kac ci da gida biyu, ko tsaki ba ka yi ba. Ɗan aikin da kab ba ni ma, rabi nib bar maka. Ka gahwarta mani."

"Yaya, ni na ya kamata..."

"Kar ka ja ni da magana, ga su nan tahe. Ce ka yahe."

Ma'aikata biyu sun riga sun kama gadon, ɗaya na kwance birkin ƙafar gadon. Bube bai saki hannun ba, idonsa na kan bakin ƙanensa, yana jira.

"Na yahe maka, Yaya," in ji Sirajo.

Bube ya ce alhamdulillahi, ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. Aka tura shi ciki aka rufe ƙofa, Sirajo yana nan durƙushe inda gadon yake.