Baho Mai Hannu Biyu

"Ɗaga naka ɓangaren mana, jaki!" in ji Tabo.

"Laifina ne da aka haife ka dab da ƙasa?" Kwalba ya mayar masa.

Malamin Noma, wanda ɗalibai ke kira Baba Taki in ya ba da baya, yana tsaye a bakin lambun makaranta yana kallonsu suna tahowa daga rijiya, baho a tsakaninsu, ruwa na fantsama a ƙafafunsu. Bai sa baki ba. Zagi ci gaba ne. Bara Kwalba ya fasa kwalbar lemo a goshin Tabo, daga nan kowa ya samu sunansa.

Makarantar na ɗaukar yara daga unguwar sama da unguwar ƙasa, gabar da ke tsakaninsu kuwa ta girmi yaran. An yi nasiha, an yi bulala, an kira iyaye. Iyayen suka kusa dambacewa a ofishin shugaban makaranta. Sai Malam ya kafa ƙungiyar lambu da doka ɗaya tak: ba bokiti. Ya ɗauko bahon ƙarfen da marigayiya matarsa take wanki a ciki, mai hannu biyu, wanda in ya cika ba ƙaton da zai ɗaga shi kaɗai. Hannu ɗaya na ɗan sama, ɗaya na ɗan ƙasa. Wanda ya yi gaggawa ya jiƙe, wanda ya yi nawa ya sha zagi. Ba a isa da ruwa sai an haɗa taku. Da farko abin da hanya ke sha ya fi abin da tumatir ke samu. Yanzu masu jiran layin baho har wasan ƙwallo suke haɗawa.

Masinja ya zo da gudu. "Malam, baƙin sun iso."

Babbar baƙuwar daga wata ƙungiyar agaji take, mace mai fara'a da laushin murya. An jera kujeru, an jera ɗalibai. Ta ce hoton yaran ta gani suna fama da wannan nauyi, tun daga ranar hankalinta bai kwanta ba. Ta yi magana a kan haɗin kan matasa, kalmomin da Malam ya sha karantawa a littattafai, aka yi tafi. Sannan aka yaye tamfol: injin jan ruwa sabo ful, da tiyo naɗe kamar maciji.

"Daga yau wahala ta ƙare," ta ce.

Malam ya matsa kusa da shugaban makaranta. "Ranka ya daɗe, ai wahalar ita ce ƙungiyar."

"Malam, don Allah." Shugaban bai daina murmushi wa mai ɗaukar hoto ba. "Ka taɓa jin an mayar da kyauta? Suna maganar gyara mana rufin ajujuwa baɗi. So kake in ce musu mun fi son baho?"

"Ka ce musu tumatir ba shi muke nomawa ba."

"To me kuke nomawa? Je ka yi godiya."

Ya je ya yi godiya. Shekarun koyarwa sun gwanar da shi a wannan fanni.

Aka tayar da inji. Da yake Kwalba ya fi kowa tsawo, zai fi fitowa a hoto, shi aka miƙa wa tiyo. Kafin baƙuwar ta shanye lemonta ya shayar da lambun kaf, aikin da ke cinye wa yara yammaci guda. Aka sake tafi. Ta shafa bahon ta ce kada a yar, a dasa fure a ciki, ya zama abin tunawa.

Bayan motoci sun tafi, Malam ya koma lambu. Shi tiyo bakinsa ɗaya ne tak. 'Yan sama sun kewaye Kwalba suna jiran ya ba su su taɓa; 'yan ƙasa suna jingine da shinge, hannuwa a aljihu. Ba wanda ya raba su. Babu dai abin da zai haɗa su.

"Malam, mu me za mu yi?" Tabo ya tambaya.

"Ku yi bi da bi."

Tabo ya miƙa hannu. "Kawo in yi."

"Ni aka ba," in ji Kwalba. Cikin wasa ya karkata tiyon, ya watsa masa ruwa a wando. 'Yan sama suka fashe da dariya.

Ɗazu ma wandon ya jiƙe fiye da haka, amma ɗazu su biyu suka jiƙe. Tabo ya dubi ƙafafunsa, ya kai yatsa goshinsa, ya ɗauki jakarsa. 'Yan ƙasa suka bi bayansa ba sallama.

"Kai gajere, wasa nake!" Kwalba ya ƙwala masa kira. Ƙarar inji ta haɗiye muryar.

Malam ya nufi ofis neman bahonsa. Ya same shi a bakin ƙofa. Masinja, wanda bai taɓa yin aiki a kan lokaci ba, yau ya yi: ya huda gindin da ƙusa, ya cika shi da ƙasa, ya kafa wani jan fure a tsakiya.

"Ya yi kyau ko, Malam?" ya ce, ya haye kekensa.

Malam ya tsaya yana kallon ruwan da ke tsiyaya daga hujin yana bin siminti. Bahon ya yi shekaru yana riƙe ruwa ba a taɓa liƙe shi ba. Ko ba komai nasa ne, gida zai kai shi. Ya sunkuya ya kama hannu ɗaya ya ja. Ko motsi bai yi ba.

Ya ɗaga kai yana neman wanda zai kama masa ɗayan. Filin makaranta wayam, sai inji can baya yana ta aiki.