Darasin da Amatullah Ta Koya wa Alhaji Sada

Shekara uku Amatullah ta yi tana buga takardun wata ƙungiyar manoman masara, a ɗan ofishinsu da ke bayan tasha a Malumfashi. Kwamfuta ɗaya ce a ofishin, kuma ita kaɗai ke taɓa ta. A Funtua ta koyo aikin. Ba ta cika kama linzamin kwamfutar ba, yatsunta ne ke yawo a kan maɓallai, shafi ya buɗe, shafi ya rufe, manoman da suka zo rajista su saki baki suna kallo.

Ana saura wata guda a raba iri da taki, Alhaji Sada, mataimakin shugaban ƙungiyar, ya jawo kujera kusa da ita. Dattijo ne mai sanyin magana, kullum cikin neman inda ya ajiye tabarau yake.

"'Yar nan, koya mini abin nan mana. Kada in mutu jahili."

Ta ji daɗi har cikin ranta, don babu wani babba da ya taɓa neman sani a wurinta. Ta rubuta masa a takarda: Ctrl da C a kwafa, Ctrl da V a liƙa, Ctrl da S a adana. Ta nuna masa yadda Alt da Tab ke tsallaka mutum daga wannan shafi zuwa wancan, da yadda maɓallin nan mai hoton taga, idan aka haɗa shi da D, ke kawar da komai daga fuskar kwamfutar. Yana dannawa a hankali kamar mai tsoron ƙuna, yana dariyar kansa.

A mako na biyu tambayoyinsa suka ƙaru.

"Idan ina neman mutanen gari ɗaya a cikin sunayen nan fa?"

"Ctrl da F, Baba. Sai ka rubuta sunan garin."

"Madalla. To abin da na goge, ina yake zuwa?"

"Kwandon shara. Ana iya dawo da shi."

"In kuma mutum ba ya son ya dawo?"

"Ka haɗa Shift da Delete. Sau ɗaya za ta tambaye ka, kana cewa e, shi ke nan. Ka yi hattara da wannan, Baba."

Ya ce Allah ya yi mata albarka. Ta ba shi lambobin sirrin kwamfutar don ya riƙa gwaji idan ta fita sallar azahar. Wata rana ta dawo, tana shigowa ta ga yatsunsa biyu sun sauka da sauri, fuskar kwamfutar ta yi fayau. Har yaba masa ta yi, ta ce lallai hannunsa ya faɗa.

Jajibirin rabo ta buɗe jerin sunayen, ta duba ƙarshensa. Mutum ɗari uku da goma sha biyu, daidai yadda ta bari. Ba ta bi su ɗaya bayan ɗaya ba, ta buga, shugaba ya sa hannu.

Washegari kawunta Jibo ya iso daga Gozaki da sassafe, shi da maƙwabtansa a bayan akori-kura. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, kuma da hannunta ta shigar da sunansa. Aka yi ta kiran suna har la'asar. Buhuna suka ƙare, ba a kira ko mutum ɗaya ba cikin arba'in da ɗaya na Gozaki. Wasu baƙin fuskoki ne suka amsa a gurbinsu, suka ɗaure kaya a babura suka yi gaba.

Ta ruga ofis. Ta nemi sunan Jibo, kwamfuta ta ce babu. Ta nemi inda ta tara hotunan katunan shaidar mutanen Gozaki, babu. Kwandon shara wayam. Ta yi ta danna Ctrl da Z, tana sane da cewa ba ya dawo da abin da aka adana aka rufe tun kwanaki. Takardun rajistar na hannu kuwa, Alhaji Sada ya karɓe su tun makon jiya, wai zai kai wa shugaba.

Kwana biyu bayan haka kwamiti ya zauna. Shugaba ya tambayi wanda ke da ikon taɓa kwamfutar.

"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Amatullah. "Amma na koya wa Alhaji Sada, kuma yana da lambobin sirrin."

Alhaji Sada ya girgiza kai cikin tausayi. "Ni? Ni da ko lambar waya sai an latsa mini? Yarinya ce, a yi mata sassauci. Ɗan Adam ajizi ne."

Wasu suka yi dariya. Ta ce a duba aljihunsa, takardar da ta rubuta masa tana nan. Shugaba ya daka mata tsawa, ya ce ba a yi wa manya ƙazafi a gabansa. Kafin a tashi an karɓi makullin ofis daga hannunta.

Damina ba ta jira kowa ba. Jibo ya shuka tsohon irin da ya rage masa a rumbu, ba taki, masarar ta fito rawaya, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. A Gozaki magana ta bazu cewa 'yar Jibo ta sayar da sunayen mutanen garinsu. Matan da suka yi goyonta suka koma amsa gaisuwarta da ka.

Da kaka ta je gida. Ta tarar da kawun a tsakar gida yana ɓare 'yar masarar da ya samu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sake ɗauko bayanin daga farko: maɓallan, lambobin sirrin, ranar da ta dawo daga salla. Ya saurara har ta gama, hannunsa bai tsaya ba. Bai san mene ne Shift ba, bai kuma tambaya ba.

"Amatullah," ya ce, "ni na raine ki. Duk abin da ya kai ki, na yafe miki duniya da lahira. Kada dai ki ƙara."

Sai ta ce, "Na gode, Kawu." Ta jawo kwando ta zauna tana taya shi ɓarar masara.